Jarrabawa Ta Koma Kwamfuta, Ƙauye Kuwa Babu Sabis

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta. Hukumar TRCN da ke ba mu shaidar koyarwa ma haka take yi, kuma a 2024 WAEC ta soma da ɗalibai masu zaman kansu. Ke nan yaron da muke koya wa baƙi da wasali yau a aji ɗaya, ranar da zai nemi jami'a gaban kwamfuta za a zaunar da shi, ko ɗan birni ne ko ɗan ƙauye.

To, wane shiri aka yi wa ɗan ƙauyen? Duk malamin da aka taɓa tura wa ƙauye ya san tudun da ake hawa, ko bishiyar da ake tsayawa gindinta, kafin saƙo ya fita. Sau da yawa an buƙaci shugaban makaranta ya tura bayanan ɗalibansa ta intanet, sai ya biya kuɗin babur daga aljihunsa zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma. Ranar nan ajinsa ya kwana babu darasi.

Ba wai intanet ɗin ba ta iso ƙasar ba ce. Manyan wayoyin da ke ɗauko ta ta ƙarƙashin teku galibi a Legas suke sauka. Wahalar tana wajen jawo wayar faiba daga can zuwa cikin ƙasa, kuma a nan ne jihohi ke da hannu, domin su ke karɓar kuɗi kan kowace mita da kamfani ya haƙa a gefen titi. An daɗe da amincewa da naira 145 kan kowace mita, amma ba duk jihohi suka bi ba. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya a 2020. Kamfani kuwa ɗan kasuwa ne: inda haƙa ta yi tsada, masu saye kuma suka yi kaɗan, ba zai je ba. Don irin waɗannan wurare ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, kuma haƙƙinmu ne mu tambayi inda ayyukansa suka tsaya a yankinmu.

Yanzu gwamnatin tarayya na maganar shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000. Muna maraba da hakan. Tsoronmu shi ne wayar ta bi babban titi ta wuce, makarantar firamare tana kallonta daga nesa kamar yadda take kallon wayar lantarki.

Saboda haka muna roƙon 'yan uwa malamai, kowa ya rubuto sunan makarantarsa, da kamfanin da sabis ɗinsa ke kamawa a wurin, in akwai, da nisan da ake yi kafin a same shi. A miƙa wa sakataren reshe kafin taronmu na gaba, domin da wannan jerin za mu je gaban majalisar jiha.