Shin manyan rokoki za su kawo wutar lantarki daga sararin samaniya?

Tun a shekarar 1968 wani injiniya a Amurka, Peter Glaser, ya kawo shawarar a girka manyan faya-fayen tara hasken rana a sararin samaniya, inda babu gajimare kuma da wuya rana ta faɗi, sannan a riƙa turo wutar zuwa doron ƙasa. Babban abin da ya hana ruwa gudu shi ne tsadar harba kaya zuwa sama.

Masu goyon bayan shirin suna ganin cewa rokar Starship ta kamfanin SpaceX, mallakar attajirin nan Elon Musk, za ta karya wannan farashi, tunda an ƙera ta ne domin a yi ta amfani da ita ba sau ɗaya ba.

To sai dai masu shakku na nuni da tarihin rokar. A gwajinta na farko cikin watan Afrilun 2023 ta tarwatse mintoci kaɗan bayan tashinta daga jihar Texas. A watan Oktoban 2024 kamfanin ya ba duniya mamaki, lokacin da hasumiyar harbawa ta cafke ɓangaren rokar na ƙasa yana dawowa. Amma a watannin Janairu da Maris na 2025 ɓangaren sama ya sake tarwatsewa, tarkacensa suka zubo a yankin Karibiyan, kafin a samu nasara a watan Agusta.

Shi dai Mr Musk ba baƙo ba ne wajen alƙawarin da ke wuce lokacinsa. A 2016 ya ce mutane za su iya kama hanyar duniyar Mars a 2024. Wani abin lura kuma, shi kansa ya taɓa yin watsi da batun tara hasken rana a sama.

Ko da rokar ta kankama, da sauran rina a kaba. A 2023 masana a jami'ar Caltech sun yi nasarar turo makamashi daga wani tauraron ɗan'adam, amma ɗan abin da ya iso ƙasa sai na'ura ce ta iya gano shi. Wani rahoton hukumar NASA na 2024 ya ƙiyasta cewa irin wannan wuta za ta ninka ta doron ƙasa tsada sau 12 zuwa 80.

A nan ne hujjar masu shakku ta fi ƙarfi. Yayin da ake jiran rokoki, kuɗin samar da wuta daga hasken rana a ƙasa ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, musamman saboda masana'antun China, wadda ke ƙera akasarin faya-fayen duniya.

Ga mutane kimanin miliyan 600 da ba su da lantarki a Afirka kudu da hamadar Sahara, rana ba ta yi ƙaranci ba. Abin da suka rasa shi ne jari, da batura masu rahusa, da layukan rarraba wutar.