Tarihin Tukur-Tukur na Cikin Adaka

Duk ɗalibin da ya karanta tarihin adabin Hausa na zamani ya san sunan Tukur-Tukur. A wannan unguwa ta Zariya aka gina Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, bayan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939 da Alhaji Abubakar Imam a matsayin edita. Daga nan ne kuma jaridar Nigerian Citizen ta fito a 1948, sannan ayyukan hukumar NORLA suka biyo baya har zuwa 1959.

Sai dai tarihin da muke maimaitawa a kundayen digirinmu na manya ne: Dokta Rupert East da Imam da hukumomin da suka gaji juna. Masu jera baƙaƙe da masu gyaran inji da masu ɗinkin littafi da masinjoji, da matan da suka sayar musu da abinci, kusan babu su a ciki. Alhali su ne suka mayar da wurin unguwa, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya a gindin dutsen. Ra'ayina shi ne tarihinsu yana nan a tsofaffin hotuna da wasiƙun da iyalansu suka ɓoye cikin adaka, kuma mu manazarta Hausa ne ya kamata mu fara nemansa.

Mun riga mun ga amfanin wasiƙa. Tarihin rayuwar Imam da Abdurrahman Mora ya shirya, aka buga a 1989, ya nuna yadda wasiƙun da Imam ya rubuta wa Lugga bayan tafiyarsa Ingila a 1943 suka bayyana damuwar 'yan bokon Arewa na lokacin. Idan takardar edita ta yi wannan aiki, takardar da ma'aikaci ya aika wa mahaifinsa a ƙauye za ta yi irinsa ta wata fuskar: albashi, kuɗin haya, gaisuwa, da yadda boko da ajami suka zauna tare a hannu ɗaya. Masanin harshe zai ga ƙa'idojin rubutu kafin su daidaita, masanin al'ada kuma zai karanta sutura da tsarin zama a hoton taron ma'aikata.

Wani zai ce hoto shiri ne, mai ɗauka ne ke zaɓar wanda zai zauna a kujera da wanda zai durƙusa a gaba. Haka ne, amma wannan jerin kansa shaida ce a kan matsayi. Wani kuma zai ce wasiƙa sirrin gida ce. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma maganinta shi ne a nemi izini, a ɗauki kwafi a gaban masu kaya, a bar musu asalin, su faɗi abin da ba su yarda a buga ba.

Lokaci ne ke ƙurewa. Gara da ɗigon damina suna cin takarda, rabon gado yana tarwatsa adaka. Mafi muni, wanda ya fara aiki a Gaskiya yana ɗan shekara 20 a 1955 ya kai 90 a 2025. In ya rasu, hoton zai rage fuskoki babu suna.

Saboda haka ina kira ga sassan Hausa, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello, da su karɓi tattara hotuna da wasiƙu a matsayin aikin digiri cikakke. Kowane hoto a haɗa shi da hirar dattijon da ya san mutanen ciki, a rubuta shekara da wuri, a ajiye kwafi a Laburaren Kashim Ibrahim da Gidan Arewa na Kaduna. Waya mai kyamara da littafin rubutu da sallama a ƙofar gida sun isa a fara.