Kada a sayar da kwamfuta da asirin mutane cikinta

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati na Karakara da ya ƙudura sayar da tsohuwar kwamfutarsa yakan soma da tambayar nawa za ta yi a Gaya ko a Kamba. Tambayar da ta kamata ta riga wannan ita ce: mine ne ya rage cikinta? Akwai lissafin masu bashi, da takardun duwan, da jerin albashi, da hotunan iyali.

Jefa takarda cikin kwandon shara na kwamfuta ba ya shafe ta. Sunanta kaɗai ake cirewa daga jeri, rubutun kuwa yana nan kwance bisa faifai har sai wani sabo ya hau kansa. A shekarar 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi tsohon faifai a ƙasar Gana kan dalar Amurka 40, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman. A Nijar ma, tun 2017 doka ta kafa hukumar HAPDP domin kare bayanan mutane, saboda haka sakaci da sunayen jama'a ba ƙaramin lamari ba ne ga ma'aikaci.

Mai sayarwa zai fara kwashe abin da yake bukata zuwa wani faifai, ya fita daga WhatsApp da akwatin wasiƙunsa. Sannan ya shiga «Réinitialiser ce PC», ya zaɓi «Supprimer tout», ya kuma kunna tsabtace faifai, ko da aikin zai ɗauki awoyi. Idan kwamfutar ta mutu, a cire faifan a fasa shi, a sayar da sauran.

Bayan haka ne ake maganar kuɗi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma galibin injunan da aka ƙera kafin 2017 ba su ɗaukar Windows 11. Dole darajarsu ta sauka. Batir mai riƙe wuta yana ƙara tsada inda lantarki ke yankewa. Maɓallan AZERTY sun fi samun mai so a Nijar da Benin, na QWERTY kuwa a Nijeriya. Tun da naira ta faɗi a 2023, ya fi dacewa a yanke farashi da sefa, a canja a ranar biya.

Aibin da injin ke da shi, a faɗa wa mai saye tun kafin a sallama. Jika goma da aka rasa wajen tayi ana mayar da ita kasuwa mai zuwa, amma littafin bashi da ya faɗa hannun abokin hamayya ya riga ya fita.