Jirgin Bature Ya Wuce, Tirelar Ɗan Maigatari Tana Jira

A yau Bafaranshe yana iya ɗaura jirgin ruwansa na shaƙatawa, mai tafiya da iska, a bisa tirela, ya ja shi da mota ya shiga Jamus ba tare da biza ko kuɗin fito ba. Waɗannan ƙasashe sau uku suka gwabza yaƙi tsakanin 1870 da 1945, amma suka sa hannu a yarjejeniyar Shengen a 1985, suka ɗauke shingayensu a 1995. Jirgin nan kuwa abin wasa ne, ba shi ciyar da kowa.

To, bari mu dawo gida. Ƙasar Gumel ba ta da tekun da za a kai jirgi. Abin da mutumin Gagarawa ko Sule Tankarkar zai ja a bayan mota shi ne injin niƙa, ko injin ban ruwa, ko motar ƙaninsa da ta mutu a hanyar Dungas. Abin neman tuwo ke nan. Shi ne kuma zai wuni a rana yana jiran hatimi, ana juya takardunsa kamar ana neman kwarkwata, a ce ta mota daban, ta abin da aka jawo daban, har ya gane da kansa takardar da ake nufi, wadda ba a buga mata hatimi.

Wa ya ja wannan layi? Ingila da Faransa ne, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Ba su tambayi kowa ba. Tumbi, inda sarakunan Gumel suka zauna kafin su komo Gumel a 1845, yau tana cikin Jumhuriyar Nijar. Watau Bamange sai ya nuna takarda kafin ya ga kufan kakanninsa!

Kada wani ya ce mana babu doka. Akwai ta, har ta tsufa. An kafa ECOWAS a Legas a 1975. Yarjejeniyar Dakar ta 1979 ta ba ɗan ƙasa kwana 90 ba biza, motar gida kwana 90, motar haya kwana 15, muddin direba ya nuna lasin, da takardar mallaka, da inshora, da takardar kwastan. A 1982 aka ƙara katin inshora mai ruwan ƙasa a Kwatano. Direba nawa ne a tashar Gumel aka taɓa karanta wa wannan da Hausa? Jahilcin direba jari ne ga mai tsaron shinge, shi ya sa ba a gaggawar warkar da shi.

Manya kuma, in ransu ya ɓaci, iyaka suke hucewa a kai. An rufe ta a 1984, sai 1986. An rufe a Agustan 2019 da sunan shinkafa, Maigatari ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. An sāke rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kowane karo kasuwar Alhamis ta Maigatari ce ke ramewa, mai babur ɗin fasa-ƙwauri yana ƙiba, domin shi ba ya bin ƙofa.

Na san za a ce tsaro. Gaskiya ne makamai suna ratsowa, kuma ba mu ce a bar ƙofa ba mai gadi ba. Amma mai bindiga ta daji yake bi da dare. Wanda ya jawo tirela da rana tsaka ya tsaya a gaban ofis, ai ya riga ya kawo kansa.

Da yawa daga cikinmu gobe su ne za su sa kaki su zauna a wannan tebur. Ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wa hukumomin ƙasashen biyu ta nemi a kafa allo a bakin iyakar Maigatari, da boko da ajami, mai ɗauke da sunan kowace takarda da ake bukata ga mota da abin da ta jawo, da kuɗinta, kuma duk kwabon da aka karɓa a ba da rasit.