Alat Ba Kuɗi Ba Ne



Wani ɗalibina mai aiki a wata masana'antar robobi a Sharaɗa ya tallata janaretansa a Facebook don ya cika kuɗin sadaki. Mai saye ya iso da adaidaita sahu dab da magariba, yana ta gaggawa, ya ce ya tura. Saƙo ya shigo da sunan banki, aka loda kaya. Washegari ya duba asusunsa, ko sisi. Saƙon nan ƙirƙirarsa aka yi, bai taɓa bi ta banki ba.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma taransifa, macuta suka bi sahu. Abin da ya fi ci min rai shi ne hujjar yaron: wai ya ji kunyar duba asusu a gaban dattijo mai gemu da carbi, kada ya munana masa zato. Wannan kuskuren fahimta ne. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarnin kafa shaidu a ciniki, alhali da sahabbai take magana.

Akwai kuma mai dawo da kaya bayan mako biyu, ya ƙona inji ya ce aibi ne. A fiƙihu, aibin da ake mayar da kaya dominsa shi ne wanda ya riga ciniki kuma mai saye bai sani ba. Saboda haka ka kunna injin a gabansa, ka faɗi laifinsa a gaban mutum biyu, kuma kada kaya ya bar ƙofarka sai ka ga kuɗin a cikin asusunka.