Masu Watandar Gadon Ivan Illich

Abin da aka yi wa Ivan Illich bayan ya mutu ya fi wanda aka yi masa yana raye ciwo. Da ransa, maƙiyansa ba su ɓoye fuska ba. A 1968 Fadar Fafaroma ta kira shi birnin Rum ta miƙa masa doguwar takardar tuhuma, ya ƙi amsa tambayoyin. Shekara ta zagayo aka haramta wa limaman Katolika taka ƙafa a cibiyarsa ta CIDOC da ke Cuernavaca a ƙasar Meziko. Wannan faɗa ne na gaba da gaba, kowa ya san inda ya tsaya. Amma tun da ya mutu a Bremen ta Jamus ranar 2 ga Disamba, 2002, masu kiran kansu masoyansa suka mayar da shi saniyar watanda: kowa ya zo da wuƙarsa, ya yanki tsokar da za ta shiga kasuwarsa, ya bar ƙashin da zai maƙale masa a wuya. Abin da ke ƙona min rai ke nan.

Mutumin ba ɗan tawayen bakin titi ba ne. An haife shi a Biyana ta Ostiriya a 1926, ya tsere wa 'yan Nazi zuwa Italiya yana matashi saboda mahaifiyarsa tana da asalin Yahudawa, ya zama limamin coci a 1951, ya yi aiki cikin talakawan Puerto Rico da suka yi ƙaura zuwa New York. Yana ɗan shekara 30 aka naɗa shi mataimakin shugaban Jami'ar Katolika ta Puerto Rico. Wato daga cikin gidan ya ga ɓarakar. Ya ga ƙasa tana zuba dukiya a makarantu, amma yawancin 'ya'yan talakawa suna zubewa a hanya. Kafin makaranta ta zama dole, talaka talaka ne kurum. Da ta zama dole, sai ya koma talaka kuma wanda hukuma ta buga wa hatimin gazawa, har shi kansa ya yarda laifinsa ne.

Daga nan tunaninsa ya tashi, kuma tunani ɗaya ne ya yi ta bi a littattafansa na shekarun 1970. Kowace hukuma da aka kafa don ta yi wa mutane hidima tana da iyaka. In ta tsallake iyakar, sai ta fara haifar da kishiyar abin da aka kafa ta dominsa, sannan ta toshe duk wata hanya da ba tata ba. Ya yi lissafi da mota. A wancan lokacin, in ji shi, Ba'amurke yana kashe kimanin awa 1,600 a shekara a kan motarsa, in aka haɗa zaman tuƙi da cunkoso da neman wurin ajiyewa da awannin da yake aiki don biyan kuɗin motar, mai, inshora da haraji. Da wannan duka yana tafiyar mil 7,500. In ka raba, bai kai mil 5 a awa ba. Mai keke ya wuce shi nesa, amma an riga an zana gari yadda mai keke ba zai iya rayuwa a cikinsa ba.

Duk wanda ya taɓa tashi da asuba daga Mararraba ko Nyanya don ya isa ofis a Abuja bai buƙatar a yi masa sharhi. Ga mace nan ta goya yaro, tana tsaye a bakin titi mai layi da yawa, tana ƙirga motoci, tana neman tazarar da za ta kwasa a guje. Gadar masu tafiya ƙasa tana can nesa, sai an yi tattaki. An gina titin da kuɗin ƙasarta, kuma an gina shi ne a kan cewa ƙafarta ba komai ba ce.

To su wa suka yi watandar?

Na farko 'yan kasuwar fasaha. A littafinsa Deschooling Society na 1971, Illich ya ba da shawarar a samar da hanyar da mai son koyon abu zai haɗu da wanda ya iya, ba tare da shamakin aji da jarrabawa ba, har ya ambaci amfani da kwamfuta wajen haɗa su. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗanda suka fara ƙera ƙananan kwamfutoci sun karanta shi. Lee Felsenstein, wanda ya tsara kwamfutar Osborne 1, ya sha faɗin tasirin littafin Illich mai suna Tools for Conviviality a kansa. Amma yau a dubi wanda ke ɗaga sunansa. Kamfanonin da ke sayar da darasi ta intanet, suna karɓar kuɗin wata-wata, suna tattara bayanan ɗalibi, a ƙarshe su ba shi wata sabuwar takardar shaida. Illich ya ce kayan aiki nagari shi ne wanda mai shi zai gane, ya gyara, ya sarrafa yadda ya so, ya kuma ajiye in ya ga dama. Wace waya ce a aljihunmu ta cika ko ɗaya daga cikin waɗannan? An manne bayanta da gam don kada ka canza batir. Ba ka iya rajistar jarrabawa ko karɓar albashi sai da ita. Wannan shi ne ainihin danniyar da ya yi kashedi a kai, kuma masu ita ne ke rataya hotonsa. Rashin kunya ne.

Na biyu sun fi haɗari, domin su ne masu mulki da 'yan korensu da ke neman hujjar janye hannu daga talaka. Sai ka ji suna cewa ai har manyan masana sun ce makaranta ba ta da amfani, asibiti ma cuta yake ƙarawa. Ƙarya suke yi masa. A maganar lafiya, Illich ya ce akwai mashigi biyu. Na farko wajen 1913, lokacin da zuwa wurin likita ya fara zama riba ga majiyyaci. Na biyu wajen tsakiyar shekarun 1950, lokacin da harkar ta kumbura, ta koma cin kuɗi mai yawa don amfani kaɗan, tana haifar da cututtukan da magani da likita suka jawo. Da mashigi na biyu yake faɗa. Ruwa mai tsabta da magunguna masu arha da kowa zai iya koyon amfani da su, waɗannan yana tare da su. Ƙauyen da mai naƙuda ke mutuwa a kan babur kafin a kai ta ɗakin shan magani bai ma iso mashigi na farko ba. Wanda ya tafi Landan duba hawan jini da kuɗin jama'a, sannan ya dawo yana karanta mana Illich, ya haɗa sata da izgili.

Ba na cewa duk abin da ya faɗa daidai ne. Littafinsa Gender na 1982 ya ƙawata zaman maza da mata na zamanin da fiye da kima, kuma matan da suka tasar masa a Berkeley ta Amurka suna da hujja. Ya kuma rayu kusan shekara 20 da wani ƙari a gefen fuskarsa, ya ƙi tiyata, yana rage zafin da hayaƙin ofiyom. Zaɓinsa ne a kan jikinsa, ba zan ba ɗan'uwana wannan shawara ba. Amma aƙalla bai ce wa wasu su sha abin da shi ya ƙi sha ba.

Na uku cikin masu watandar su ne masu agaji. A 1968 Illich ya tsaya gaban matasan Amurka da suka shirya shiga ƙauyukan Meziko aikin sa kai, ya ce musu su zo yawon buɗe ido ko karatu in suna so, amma kada su zo da sunan taimako, don abin da za su sauke wa mutane shi ne salon rayuwar Amurka. Yau wannan jawabi yana cikin takardun da wasu shirye-shiryen tura 'yan sa kai ke ba matasa su karanta kafin su hau jirgi. Su karanta, su gyaɗa kai, su hau jirgin. Shi kuwa da ya ga CIDOC ta fara zama irin hukumar da yake suka, a 1976 ya rufe ta da hannunsa, tana kan ganiyarta. A nuna min ƙungiya ɗaya cikin masu ambaton sunansa da ta taɓa rufe kanta.

Sai ƙashin da kowa ya tsallake. Illich ya nemi a yi doka da za ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki bisa makarantar da mutum ya zauna. A gwada shi a ga ya iya ko bai iya ba, shi ke nan. Wannan ce shawararsa mafi kaifi, kuma ba za ka ji ta a bakin kamfani ko jami'a ko minista ba, don dukansu da kwali suke cin abinci.

Mu kuwa mun san kuɗin da kwali ke ci. A Maris na 2014 dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowanne don neman gurbi ƙasa da 5,000 a hukumar shige da fice. Aka tara su a filayen wasa, aka yi turmutsutsu, aƙalla mutum 16 suka mutu, da yawansu da takardunsu a hannu. A gefe guda ga bakanike wanda zai kasa kunne ga inji ya gaya maka abin da ke damunsa kafin ya buɗe, ya yaye yara fiye da yadda zai iya tunawa, amma babu kwalejin fasahar da za ta bar shi ya tsaya gaban aji, sai dai a kawo mai digirin da bai taɓa kwance giyabos ba. Ko tsakanin masu kwalin ma ba a bar bambanci ba: majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da fifikon mai digiri a kan mai babbar difloma a 2021, aka bar shi ba sa hannu. Ƙasar da ta kasa daidaita kwali da kwali, yaushe za ta saurari mai cewa a ajiye kwalin a duba hannu?