Wasiƙa Zuwa ga Masu Kafa Sola a Ikara, Makarfi da Kudan

Yabo ya wajaba ga masu wannan sana'a, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, su ne suka haskaka shaguna da masallatai daga Hunkuyi har Ikara. Sai dai abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne yadda ake tura yaron shago kan rufin kwano sanye da silifa, ba igiya a ƙugu, maigida kuwa yana ƙasa yana amsa waya.

Farantin sola, wato allon da ke mayar da hasken rana lantarki, babbansa ya fi kilo 25, tsawonsa ya haura mita 2, saboda haka idan iska ta bugo shi a hannun wanda ke tsaye bisa kwanon da raɓa ko ƙurar hunturu ta sa santsi, tare suke gangarowa. Kuma farantin yakan fara ba da wuta da zarar rana ta taɓa shi, ko da bai haɗu da batir ba, girgiza kaɗan kuwa ta isa ta kwashe ƙafa.

Magabata ba su yi haka ba. Maginan Zazzau, magada Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, ba sa ɗora sabon aiki bisa bango sai na ƙasa ya bushe, tsofaffin kafintoci kuma sukan koya wa yaro taka layin ƙusa, inda katako yake ƙarƙashi, kafin su miƙa masa guduma. Yau wannan tarbiyya ta yi ƙaranci, an mayar da ganganci jarumta, wanda ya nemi igiya a ce masa rago. Abin kunya ne mutum ya karɓi aikin miliyoyin naira, ya kasa sayen ɗamarar tsaro, wato maɗaurin kafaɗa da cinya da ake ƙulla wa igiya a katako mai ƙarfi.

A yi haƙuri da zafin harshe, ba raini ba ne. Roƙon dai shi ne a ɗaure tsani, kansa ya zarce bakin rufi da mita 1, a jawo faranti da igiya maimakon ɗauka a ka, kuma kada maigida ya tura ɗan wani inda shi da kansa bai taka ya gwada ba.

Wassalam.